Gonaki Bakwai a Wayar Baffa Maharazu

Duk wanda ya san Nafisat tun tana ƙarama ya san ba ta iya ganin abu a rufe ta bar shi. Tana 'yar shekara tara ta kwance famfon feshin mahaifinta, Malam Iliyasu, don kawai ta ga abin da yake tura maganin ƙwari waje. Ta baje kayan cikinsa a kan tabarma, ta ƙare musu kallo, sannan ta mayar da kowanne mazauninsa. Wata 'yar roba ce kaɗai ta rage a hannunta, ta rasa inda za ta sa. Da Malam Iliyasu ya goya famfon ya shiga gonar tumatur, sai da ya jiƙe sharkaf tun daga ƙeya har ƙugu. Bai doke ta ba. Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya zaunar da ita ya nuna mata gurbin robar, daga ranar kuma yake kiranta Injiniya. Sunan ya bi ta har yau. Shi dai bai ga inda ya kai ta ba, don tana aji biyu a sakandare Allah ya karɓi abinsa. Riƙonta ya koma hannun yayansa, Baffa Maharazu.

Gidan Baffa yana Unguwar Kanya, wani ɗan ƙauye tsakanin Bunkure da Kura, inda babban kanal ya yi kwana ya rabu reshe-reshe cikin gonaki. Gida ne na gandu mai sassa da yawa, kuma maganar Baffa ce magana. Shi ya tsaya kai da fata sai da Nafisat ta gama sakandare. Shi ya kai ta da kansa wani shagon buga takardu a Kura ta koyi taɓa kwamfuta, da aka samu wani horo na wata shida a Kano kuma ya ce ta je, wanda duk yake da magana ya zo ya same shi. Ta dawo da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi da baki cike da labari. Ta auri Suhaibu, makanikin injin casar shinkafa, ta haifi Ilham, sannan ƙungiyar masu ban ruwa ta yankin ta ɗauke ta sakatariya, saboda ita kaɗai ce in ta buga takarda ba sai an sake ba.

A da, kowane reshe yana da ranar ruwansa. Reshe na Biyu Litinin, na Biyar Laraba, kowa ya haddace. Amma bana ana gyaran ƙofofin babban kanal, ruwan da ake saki ya ragu, ranaku suka rikice. Baballe, dattijon da ke buɗe ƙofofin rassa, shi kansa sai ana gobe yake sanin reshen da zai samu. Ruwan kuma ba ya jiran kowa. In an buɗe reshenku, dole ka kasance a bakin gonarka da tiyo da fartanya ka ja rabonka, in ba ka nan ya wuce wa na gaba. Baballe ya yi mako biyu yana zaga ƙauyuka a babur yana shela. Muryarsa ta dishe, taya ta fashe sau biyu, duk da haka kullum sai an samu wanda bai ji ba.

Nan ne Nafisat ta ce a ba ta kwana uku.

Akwai wata manhaja da ta koya a Kano, wadda ake jera aiki a cikinta akwati-akwati, a haɗa su da layi, kowane akwati ya yi nasa ya miƙa wa na gaba. Ta jera nata guda huɗu. Na farko ya ɗauko lambobin wayar 'yan ƙungiya. Na biyu ya aika kowace lamba ta intanet zuwa rumbun da aka adana rajistar gonaki, ya tambaya wace gona ce a ƙarƙashin wannan lamba, rumbun ya amso da sunan mai gonar da reshen da take. Na uku ya duba ko reshen yana cikin waɗanda Baballe ya ce za a buɗe gobe. In yana ciki, na huɗu ya tura saƙon tes. Kullum ƙarfe biyar na yamma abin zai tashi da kansa, ko tana ofis ko tana gida tana yi wa Ilham wanka. Ta gwada da lambar Baballe, mai gona ɗaya tal a Reshe na Biyar. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya karanta, ya cire hula ya ce, "La'ilaha illallahu! Injiniya, kin raba ni da yawo."

Makon farko sai ka ce biki ake. Mutum ya tare ta a hanya da kwandon tumatur, wata ta aiko da albasa mai lawashi. Har suna aka sa wa abin, saƙon Nafisa. Baffa Maharazu kuwa, in nasa ya shigo, sai ya sa tabarau ya zauna a dakalin ƙofar gida ya karanta da ƙarfi, harafi-harafi, ko da waɗanda ke zaune sun riga sun ga nasu. In ya gama ya ce, "'Yata ce ta rubuto."

Sai maganar Gwaggo Saude ta taso.

Gwaggo Saude ƙanwar Baffa ce, ita ce autarsu. Tun rasuwar mijinta take riƙe da kanta da gonar albasar da ta gada, can ƙarshen Reshe na Tara, tafiyar kusan awa guda a ƙafa, inda maƙwabtan gonarta duk mutanen wani ƙauye ne ta wajen Kura. Shekara goma sha takwas tana noma ta, ita ke ɗaukar 'yan ƙwadago, ita ke tsayawa a kansu. Ba ta riƙe waya, ta ce abin da zai riƙa kuka a cikin zaninta ba da ita ba. Bara Baffa ya taɓa ba ta shawara, tunda gwiwa ta fara damunta, ta bar wa babban ɗansa gonar ya riƙa noma mata. Ta ci gaba da noma abinta, amma ba ta manta maganar ba.

Bana ta yi dashe, albasa ta kama, sai ruwa ya wuce ta. Ta je ta tarar da gonakin maƙwabta jiƙe jagab, tata a bushe, kanal ya koma laka. Maƙwabtan suka nuna mata saƙon a wayoyinsu. Ta dawo ta tambayi Baffa, don lambarsa aka sa mata lokacin rajista, ya ce shi bai ga saƙon Reshe na Tara ba. Ta tako har ofis. Nafisat ta buɗe kwamfuta, ta nemo lambar Baffa, ta ga alamar kore reras, ta ce da ƙarfin gwiwarta, "Gwaggo, duk saƙon da ya kamata ya je wayar Baffa ya je. Ga shi nan, ko ɗaya bai maƙale ba."

Gwaggo ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To. Na ji."

Bayan kwana shida ruwa ya sake wuce ta.

Ranar Laraba da safe Nafisat ta biya gaishe da Baffa kafin ta wuce ofis. Tun daga zaure ta jiyo muryar Gwaggo.

"Ni za ka yi wa haka, Yaya? Ni, Saude? Nono ɗaya fa muka sha!"

"Ke Saude, ki ji tsoron Allah. Na ce miki ban gani ba."

"Yarinyar da ka rena da hannunka ita ta ce ya zo. Ga ta nan ma ta shigo. Ko ita ma ƙarya take yi? In gonar kake so wa ɗanka, ka fito ka faɗa. Ba sai ka kashe mini albasa ba."

Baffa ya zaro wayar daga aljihun gaba ya miƙa wa Nafisat. "Duba mata, Injiniya."

Ta durƙusa ta karɓa, ta bi saƙonnin. Guda biyar ne, duk na ranakun ruwan Reshe na Biyu. Ta sake bi tun daga sama. Babu na Tara ko ɗaya.

"Ya goge," in ji Gwaggo.

"Ni? Ni da ko ƙara wa wayar nan murya sai an yi mini?"

Gwaggo ta yafa mayafinta. "Jibi Juma'a, in an sauko masallaci, gaban mai unguwa za mu. In kuwa albasar nan ta mutu, Yaya, ni da gidan nan har abada."

Ta fita. Mutumin da shekara talatin shi ake kawo wa rigimar iyaka ya raba, yau shi za a kai ƙara, kuma ƙanwarsa ce za ta kai shi. Nafisat ta mayar masa da wayarsa. Ta tuna abin da ta faɗa wa Gwaggo da bakinta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tari mai babur ta ce masa ya yi sauri.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a gindin wata darbejiya, da faranti biyu na sola a kan rufi. Ta tarar da Baballe a bakin ƙofa yana cin gurasa.

"Injiniya, yau ko gaisuwa babu? In Suhaibu ne ya taɓa ki, faɗa mini in je in kwance masa inji."

"Ina kwana, Baba Baballe. Wane reshe ne gobe?"

"Na Huɗu da na Tara. Yanzu aka sanar da ni."

Gobe ke nan. Tana iya aika wa Gwaggo baki da baki, albasa ta sha ruwa, wannan ba wuya. Amma Gwaggo za ta ce an rufa wa Baffa asiri ne kawai, Juma'a kuma tana nan tafe. Abu ɗaya ne zai wanke shi: a gano inda saƙon yake ɓacewa, kuma yau da ƙarfe biyar ya shigo wayarsa a gaban idon Gwaggo.

Ta buɗe kwamfutar. Akwatunanta huɗu suna nan kore shar, kamar ba su san an yi komai ba. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar gwaji. Ta sa lambar Baffa ita kaɗai a akwati na biyu, ta danna, maimakon ta tsaya a kan launi kuma ta buɗe amsar da rumbun ya aiko ta karanta da idonta.

Maharazu Garba, Reshe na Biyu. Ta ja ƙasa za ta rufe, sai ta ga rubutun bai ƙare ba. Maharazu Garba kuma, wata gonar, Reshe na Biyu. Ƙasa da shi magadan Iliyasu Garba, gonarsu ke nan ita da ƙannenta. Ƙasa kuma 'ya'yan Baffa biyu, sai Hammadu, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a bayan gari. Dukkansu Reshe na Biyu. Can ƙarshe, ta bakwai: Saude Garba, Reshe na Tara.

Ta miƙe zumbur har kujera ta kife. "Ga ta! Baba Baballe, ga Gwaggo! Wallahi ga ta nan!"

Baballe ya faɗo ɗakin da gurasa a hannu yana waige-waige. "Ina? Saude? Ni fa ban shirya mata ba yau."

"A ciki! Zo ka gani. Rumbun bai ɓoye ta ba, kullum yana aiko ta. Ni ce ba na karɓa." Tana magana tana haki, tana nuna allon da yatsa. "Ranar da na haɗa abin nan da lambarka na gwada, ko ba haka ba? Amsa ta zo da mutum ɗaya, na danna sunanka da reshenka na ce akwati na uku ya yi aiki da su. Ashe jeri ne rumbun yake aikowa, naka jerin ne mai mutum ɗaya. Sai manhajar ta rubuta mini a ɗauki na farko a jeri. Ni kuma ban duba ba! Kamar na yi sallama a gida, mutum bakwai suka fito, na gaisa da na gaba na juya na tafi."

"To su sauran ba su yi ƙorafi ba?"

"Reshe ɗaya suke da Baffa. In ya karanta nasa a dakali, kowa ya ɗauki fartanya. Gwaggo ce kaɗai a wani reshen." Ta tsaya. "Amma me ya kai gona bakwai lamba ɗaya?"

Baballe ya tayar da kujerar ya zauna a kai, ya bar Nafisat a tsaye. "Ai ni na raka masu rajistar nan shekara uku da suka wuce. Ke kina Kano, ba ki gani ba. Baƙi ne da takarda da biro. Wace mace ce za ta ba baƙon namiji lambar waya, ko tana da ita? Wane ƙane ne zai ba da tasa yayansa na zaune a wurin? Duk gidan da muka shiga, magana ɗaya ce, ku sa ta Yaya, ku sa ta mai gida. Hammadu ma cewa ya yi tasa kullum tana daji, a sa ta Maharazu."

"Duk gidan da kuka shiga?"

"Kusan duka."

Nafisat ta sunkuya kan kwamfutar, ta sa akwatin ya bi lambobin duka ya ƙirga mata amsoshin. Lamba ɗari uku da goma sha biyu ce a ƙungiyar. Ɗari da arba'in da ɗaya daga ciki suna ɗauke da gona fiye da ɗaya. Akwai wata mai goma sha huɗu.

"Ta Alhaji Mika'ilu ce wannan, ko ban gani ba," in ji Baballe. "Ashe shi ya sa matan gidansa suke harara ta a hanya. Ni ina cewa tsufa ne ya rage mini kyau."

Dariya ta ƙwace mata duk da halin da take ciki. Ciwon ta gan shi, kuma ta san maganinsa, don an koya musu shi, ita ce ba ta taɓa zaton za ta buƙace shi a Unguwar Kanya ba. Akwai wani akwati da aikinsa shi ne ya karɓi jeri ya riƙa miƙa na ciki ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Lup suke ce masa a Kano. Ta jawo shi ta dasa bayan akwati na biyu. Kafin ta gwada, ta karkatar da duk saƙonnin gwaji zuwa wayarta, don kada ta tayar da hankalin gari. Ta yi bisimilla ta danna.

Wayarta ta yi ƙara. Ta sake. Ta sake. Sau bakwai a jere, har tana zamewa a kan tebur.

"Madalla!" in ji Baballe. "Ki tura wa Maharazu wannan, ki ga in bai jefa ta kanal ba."

Ta duba, ta buga goshi. Garin sauri ta ja layi daga lup kai tsaye zuwa akwatin tura saƙo, ta tsallake mai duba reshe, shi ya sa kowa ya samu, da mai ruwa gobe da marar shi. Ta goge layin, ta shigar da mai duba reshen cikin lup ɗin, yadda kowace gona sai an tambaye ta reshenta ita kaɗai. Ta sake dannawa. Ƙara ɗaya. Ta yi tsalle ta buɗe: "Gobe za a buɗe reshen gonarka. Ka hallara bayan Asuba."

Baballe ya leƙo ta kafaɗarta. "Gonar wa?"

Gaskiyarsa. A wayar da ke ɗauke da mutum bakwai, wannan saƙon bai ce komai ba. Ta sake rubuta shi, ta bar gurbin suna da na reshe, lup ya riƙa cikewa daga kowace amsa. Sannan ta tuna da Alhaji Mika'ilu. In gonakinsa shida suka faɗo rana ɗaya, saƙo shida ke nan, dattijo ya karanta biyu ya gaji. Ta ƙara wani akwati a bakin fitar lup, mai tattara duk sunayen da suka tsallake ya jera su a saƙo guda. Ana kiran Azahar tana kai. Ta yi salla ta dawo, abincin da Suhaibu ya aiko mata yana gefe ko buɗewa ba ta yi ba.

Wajen ƙarfe uku ta ce bari ta gwada da lambobin duka. Abin ya taho tiryan-tiryan, sai a lamba ta tamanin da wani abu ya tsaya cak, akwati ya yi ja. Ta buɗe. Wannan lambar rumbun bai san ta ba, jeri ya aiko wanda babu kowa a ciki, mai tattara sunaye ya rasa abin tattarawa ya ƙi gaba. Ta yi masa hanya ta gefe: in jeri ya zo wayam, a rubuta lambar a wata takarda daban, a wuce ta gaba. Lamba tara suka faɗa takardar.

"Waɗannan naka ne, Baba Baballe. Da baki za ka gaya musu, ka kuma tambayo mini lambar da suka yi rajista da ita."

"Ashe dai ba a raba ni da yawon ba."

Tana shirin adanawa sabis ya ɗauke. Ta ɗaga wayar da take jan intanet da ita ta nufi taga, babu. Ta fita gindin darbejiya, babu. Baballe ya karɓe wayar, ya taka sirdin babur ɗinsa, ya dafa reshen bishiya, ya ɗaga hannu sama iya tsawonsa, babbar riga tana kaɗawa.

"Ya zo?"

"Sandar sabis ɗaya! Kada ka motsa!"

"Injiniya, jikoki gare ni fa!"

"Biyu! Tsaya, tsaya... Ya shiga! Sauko, Baba, Allah ya saka da alheri!"

Ta cire lambarta daga gurbin gwaji, ta duba sau uku ta tabbata ta cire, ta rufe kwamfutar ta rungume ta. Ƙarfe huɗu da rabi Baballe ya sauke ta a ƙofar gidan Gwaggo.

Shawo kan Gwaggo ta fito ya fi haɗa lup wuya. Sai da Nafisat ta durƙusa ta ce, "Don darajar mahaifina, Gwaggo, minti goma kawai," sannan ta ja mayafi ta biyo ta. Ba ta shiga gidan ba. Ta tsaya daga gefen dakali, inda Baffa ke zaune da wasu dattawa biyu, ta kau da kai.

Nafisat ta durƙusa a tsakaninsu. "Baffa, Gwaggo, laifin nawa ne. Saƙon Gwaggo bai taɓa zuwa wayar nan ba, ko sau ɗaya. Gona bakwai ce a lambar Baffa, ni kuma na haɗa abin yana ɗaukar ta farko kawai ya bar sauran. Da kika zo ofis, kore na gani na yi miki magana, ban buɗe na karanta ba. Ni na sa kika zargi Baffa. Ku yafe mini."

"Ya aiko ki ki ɗauke masa ke nan," in ji Gwaggo.

"Ba sai kin yarda da bakina ba. Baffa, don Allah ajiye wayar a nan inda kowa zai gani. Kada kowa ya taɓa. Ƙarfe biyar za ta yi magana."

Baffa ya ajiye ta a kan dakali. Aka zuba mata ido. Ɗaya daga cikin dattawan ya duba agogonsa ya ce biyar ta yi. Shiru. Biyar da minti ɗaya. Wata akuya ta zo ta shinshina wayar, aka kore ta. Biyar da minti biyu, Gwaggo ta gyara mayafi. Nafisat ta san yanzu abin yana bin gonaki sama da ɗari shida ne maimakon ɗari uku, dole ya ɗan jima, amma sanin bai hana ta leƙen wayar ba.

Sai wata waya ta yi ƙara a cikin shagon mai shayi. Wata ta amsa daga bakin masallaci. Sannan ta kan dakali ta haska.

Baffa ya sa tabarau. Bai yi sauri ba. Ya ɗauka, ya nisanta ta da fuska, ya karanta harafi-harafi yadda ya saba: "Ruwan gobe Alhamis, bayan Asuba. Saude Garba, Reshe na Tara."

"Allahu akbar!" in ji dattawan a tare. Baballe ya danna hon ɗin babur ya ƙi saki. Nafisat ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba, ita da ko a bikinta ba a ji muryarta ba. Daga can ƙasan layi wani ɗan Alhaji Mika'ilu ya fito da waya a hannu yana kiran sunayen matan gidansu uku, yana cewa kowacce ta nemi 'yan ƙwadago, gobe da ruwa a Reshe na Huɗu.

Gwaggo ta miƙa hannu, Baffa ya ba ta wayar. Ba ta karatun boko, amma ta san zubin sunanta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta mayar masa ba tare da ta dube shi ba, ta ce wa Nafisat, "Ke kuma, ni da ke sai albasa ta tashi." Ta juya ta tafi neman ma'aikata.

Washegari da sassafe Suhaibu ya kai Nafisat Reshe na Tara a babur, don ta ce ba za ta iya zaman ofis ba sai ta gani da idonta. Sun tarar ruwa ya riga ya iso, yana tafe ja-ja-ja da kumfa da karmami a kansa. 'Yan ƙwadagon Gwaggo biyu suna ta jera tiyo. A tsakiyarsu kuma ga Baffa Maharazu, ya naɗe wando har gwiwa, yana fasa bakin fangali da fartanya. Ashe tun da aka sallame Asuba ya hau keke ya riga kowa zuwa.

Gwaggo tana bin gonar a sunkuye, tana tona gindin albasa da yatsa. Fangali biyu na can gefen tudu sun tafi, ganyen ya zama kara. Sauran sun yi laushi, bakinsu ya ƙone, amma zuciyar tana nan kore. Ta bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, har ta dawo inda yayanta yake. Ta tsaya a kan kunya tana murza bakin mayafi.

"Za ta tashi," ta ce.

"Za ta tashi, in Allah ya so," in ji Baffa, bai ɗago ba.

Sannan ƙasa-ƙasa, da sauri kamar mai haɗiyar magani, ta ce, "Yaya, ka yafe mini."

Baffa ya kai hannu bayan kunne. "Me kika ce? Ruwan nan da ƙara."

"Na ce ka yafe mini."

"Kai, tsufa! Wallahi kunnen nan ya tafi. Injiniya, me gwaggonki take cewa?"

"Kada ka sa yarinya a ciki!" Gwaggo ta ɗaga murya har maƙwabtan gona suka waiwayo. "Na ce KA YAFE MINI, Maharazu! Na zarge ka, ban kyauta ba! Ka ji yanzu?"

"Yauwa, yanzu na ji," in ji Baffa, dariya tana cin gemunsa. "Na yafe duniya da lahira. To sauka daga kan kunyar nan kafin ki rusa ta, ki riƙe mini bakin tiyon can. Ruwa yana wucewa."

Gwaggo ta cire takalmi, ta tattare zani, ta shiga lakar.